Darasi Na 12: Yadda Ake Renon Coya, Tsiron Hamada Mai Ƙaya

Coya tsiro ne na hamada. Asalinsa arewacin ƙasar Meksiko ne da kudu maso yammacin Amurka, musamman jihar Arizona. A takarda cholla ake rubuta sunansa, amma a baki coya ake faɗa. Ba shi da ganye irin na sauran itatuwa. Jikinsa gaɓa-gaɓa ne kamar rake, kowace gaɓa ta sha ƙaya tun daga sama har ƙasa. A cikin gaɓoɓin nan yake ajiye ruwansa.

Wanda ya gan shi daga nesa zai ce ɗan'uwan ƙerana ne ko tinya. Ba danginsu ɗaya ba. In ka yanki tinya, farin ruwa kamar nono zai fito. Coya ba shi da wannan.

Mu fara da ƙayar, don ita ce za ta fara gaishe ka. Ƙayar coya tana da kunnuwa irin na kibiya, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Shiga ba wuya, fita ce aiki. Kuma a wasu irin, gaɓar ba ta da ƙarfin riƙo. Ka ɗan goge ta da gefen riga, sai ta ɓalle ta bi ka. Shi ya sa mutanen can suke ce wa wani iri "mai tsalle", ko da yake ba tsallen da yake yi. Wanda ya san ƙarangiya ya san halin, sai dai ƙarangiya wasan yara ce a kan wannan.

In gaɓa ta maƙale maka a ƙafa, kada ka kai hannu. Za ta bar ƙafar ta kama yatsu. Ɗauki mataji, ka zura shi tsakanin fata da gaɓar, ka fizge da ƙarfi sau ɗaya, ka kuma tabbatar ba kowa a gabanka. Sauran ƙayar ka cire da matsefata, ka wanke wurin da sabulu. Masu yawo a hamadar Arizona da mataji suke tafiya a aljihu saboda haka.

Shuka shi ba wahala. Ba sai ka nemi iri ba, gaɓa ɗaya ta isa. Kama ta da awartaki, safar hannu ba ta tare wannan ƙaya. Ajiye ta a inuwa, wuri busasshe, kamar mako 1, har bakin da ya ɓalle ya bushe ya yi tauri. In ka binne ta da ɗanyen baki, ruɓewa za ta yi.

Nemi tukunyar ƙasa, ka huda gindinta. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, don tana saurin tsane ruwa. Haɗa yashi mai tsakuwa kashi 2 da ƙasa kashi 1. Ban da laka, ban da taki mai yawa. Tura gindin gaɓar cikin yashin kamar tsawon gaɓar yatsa, ka tokare ta da ƙananan duwatsu don kada ta faɗi. Daga nan ka ƙyale ta. Kada ka ba ta ruwa sai bayan mako 2. In ta yi saiwa, ka kai tukunyar inda rana take duka tun hantsi har la'asar.

A nan ne mutane suke yin kuskure. Mun saba da tumatir da alayyafo, waɗanda ake bai wa ruwa safe da yamma. Coya kuwa yawan ruwa ne ajalinsa. Kafin ka zuba, tura tsinke cikin tukunyar har ƙasa. In ya fito da damshi, haƙura. In ya fito a bushe, zuba ruwa sosai har ya fita ta hudar gindin, sannan ka bar shi. Da bazara sau ɗaya a mako 2 ko 3 ya wadatar. Da hunturu yakan yi wata guda ko fiye bai buƙaci ko ɗigo ba.

Damina ce abin tsoro a wajenmu. Ruwan da Kano takan samu a watan Agusta kaɗai ya fi wanda birnin Finiks na Arizona yake samu a shekara. Don haka da ruwa ya zauna, ja tukunyar ƙarƙashin rumfa inda haske yake shiga. In ka ga gindin ya yi baƙi ya yi laushi, ya riga ya ruɓe. Ɓalle lafiyayyar gaɓa daga sama ka sake sabuwar shuka.

Wani lokaci za ka ga fari-fari kamar auduga a jikinsa. Ƙananan ƙwari ne masu tsotsar ruwansa. In ka murtsuke ɗaya da tsinke, ja zai fito kamar jini. Goge su da tsohon buroshi da ruwan sabulu.

A ƙasarsa ta asali yana da amfani. Ƙabilar Tohono O'odham sukan tsinki furensa kafin ya buɗe, su kakkaɓe ƙayar, su dafa su ci, su shanya saura.

Amma a ganina, a nan kada ya wuce tukunya. Wani zai ce ga shinge ya samu. A'a, aguwa ta ishe mu. An kai coya Ostareliya da Afirka ta Kudu don ado, ya tsere ya mamaye makiyaya, yana raunata dabbobi, har yau ana fama da shi. Akuya ɗaya ta isa ta ɗauki gaɓa a gashinta ta yar a daji, can kuma ta tsira. Ka sa tukunyar inda yara da awaki ba sa kaiwa. Gaɓar da ta faɗo, ka ƙone ta, kada ka zuba a bola.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake barin gaɓa ta bushe kafin a shuka ta?
2. Yaya za ka gane lokacin ba da ruwa ya yi?
3. Rubuta waɗannan kalmomi sau 3 a littafinka: ƙaya, gaɓa, yashi, tukunya, mataji.