Yadda Za Ka Koyi Aiki da Na'urar Gano Ƙarfe Tun Daga Tsakar Gidanka

Tun da aka gano zinariya a Djado, arewa maso gabas da Agadas a ƙasar Nijar, a 2014, sunan wannan na'ura ya shiga bakin samari. Wasu sun sayar da gona ko babur sun saye ta, suka nufi sahara ba tare da sun taɓa kunna ta ba. Abin yana damuna, domin na'urar ba ta san zinariya ba. Faifan da ke ƙasan sandarta yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, duk ƙarfen da ya ci karo da shi sai ya mayar da amsa, ita kuma ta yi ƙara. Ƙusa za ta yi ƙara, murfin kwalba ma haka. Rarrabe su aikin kunnenka ne, kuma a gida ake horar da kunne.

Da farko ka san irin wadda za ka saya. Akwai iri biyu manya. Masu suna VLF sun fi araha da sauƙin ɗauka, suna kuma iya bambanta baƙin ƙarfe da tagulla ko azurfa. Garrett Ace da Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab suna cikinsu. Masu suna PI, irin su GPX 5000, sun fi nitsewa a ƙasa mai yawan ma'adini, amma suna da tsada da nauyi, ba su kuma tantancewa sosai. Mai koyo ya fara da VLF. Ka yi hattara da jabu, don an kwaikwayi GPX da yawa, sai ka nemi dillalin da kamfani ya amince da shi. Duk wanda ya ce maka na'urarsa tana hango zinariya daga nisan kilomita, ka riƙe kuɗinka. Ƙaramar na'ura tana jin kwabo ne a zurfin da bai wuce taƙi ɗaya ko ɗaya da 'yan kai ba.

Ka haɗa ta, ka daidaita tsawon sandar yadda faifan zai kwanta gaban ƙafarka ba tare da ka sunkuya ba. Ka naɗe wayar a jikin sandar da kyau, don wayar da ke lilo tana sa ƙarar ƙarya. Ka cire zobe da agogo, ka kuma guji takalmi mai ƙarfe a baki.

Yanzu ga matakin da na fi so ka daɗe a kansa. Ka sami fili a tsakar gida ko bayan gida, nesa da wayar lantarki da rufin kwano. Ka tono ramuka shida ko bakwai, tazarar taki biyu tsakaninsu, zurfin santimita 10. Ka binne ƙusa a ɗaya, murfin kwalba a wani, sai guntun gwangwani, wayar tagulla, zoben azurfa, da tsohon kwabo ko anini mai huji idan akwai a akwatin kaka. Ka kafa tsinke a kan kowane rami, ka rubuta abin da ke ciki. Kullum da safe ka bi su ɗaya bayan ɗaya da abin saurare a kunne. Za ka lura ƙusa tana ba da ƙara mai kauri, a kakkarye, wani lokaci ta amsa daga gefe ɗaya ta ƙi ɗayan. Tagulla da azurfa suna ba da siririyar murya mai tsabta, ko ta ina ka biyo. Bayan mako guda ka sa ƙanenka ya sauya musu wuri ba ka gani ba, ka gwada faɗin abin da ke ƙasa kafin ka tona. Ranar da ka fara cin biyar cikin bakwai, ka mayar da su zurfin santimita 20 ka sake farawa.

Sai daidaita na'ura da ƙasa, abin da aka rubuta wa Ground Balance a jikin na'urorin da ke da wannan maɓalli. Jar ƙasa da marmara cike suke da sinadarin ƙarfe, suna sa na'ura surutu ba dalili. Ka sami wurin da babu komai, ka danna maɓallin, ka riƙa ɗaga faifan kamar taƙi ɗaya kana sauke shi dab da ƙasa har ƙarar ta lafa. Duk lokacin da launin ƙasa ya sauya, ka maimaita. Ƙarfin jin na'urar kuma kada ka ƙure shi. Ka ƙara a hankali har ta fara ƙananan ƙorafi, sannan ka rage kaɗan.

Wajen tafiya, faifan ya kasance a kwance, kusan yana shafar ƙasa, kana kai shi dama da hagu kamar mai shara a natse. Kuskuren kowane sabon hannu shi ne ɗaga faifan a ƙarshen kowane lilo, nan take zurfi ya ragu. Kowane zagaye ya hau rabin na baya. In ka ji ƙara, ka ratsa wurin daga gabas zuwa yamma, ka juya ka ratsa daga kudu zuwa arewa. Inda layukan suka haɗu nan za ka sa fartanya. Ka riƙa ɗiban ƙasar a kofin roba kana wucewa da shi kan faifan har ka ware abin.

Idan zinariya kake nufi, kada ka dogara da maɓallin da ke toshe ƙarar tarkace. Ƙaramar ƙwayar zinariya tana amsawa kusa da yadda takardar alminiyam ko baƙin ƙarfe ke amsawa, in ka toshe su ka toshe ta. A wata na farko ka tona duk abin da ya yi ƙara.

Kafin ka fita daji, ka nemi izinin mai gona da mai unguwa. A Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta sa ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, haƙar su sai da lasisi, tonon kufai da wuraren tarihi kuma sai da yardar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Maƙabarta ba wurin wannan aiki ba ce ko kaɗan. A yankunan da aka yi yaƙi, kamar Borno, Diffa da wasu sassan arewacin Agadas, akwai nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba a cikin ƙasa. In ka ga ƙarfen da ba ka gane ba, kada ka taɓa shi, ka ja da baya ta inda ka biyo, ka sanar da jami'an tsaro. Kowane ramin da ka tona kuma ka cike shi ka tattake kafin ka matsa, saboda ƙafar saniya da ta yaro mai kiwo.