Yadda za ka shiga binciken nukiliya ta ƙofar injuna

Abin da nake fara gaya wa ɗalibai shi ne, tashar nukiliya babbar tukunyar tafasa ruwa ce. Yuraniyom yana ba da zafi, ruwa ya zama tururi, tururin ya juya farfelar injin da ke samar da lantarki. Don haka tun kana aji biyu a injiniyanci ka riƙe darasin zafi da gudun ruwa cikin bututu da hannu biyu. Ni na yi wasa da shi, sai da na maimaita jarrabawarsa, kuma yau da shi nake cin abinci.

Ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, sannan ka sauke OpenMC, manhaja ce kyauta da ke lissafa yawon niyutiron, ƙananan ƙwayoyin da ke farfasa yuraniyom ya ba da zafi, a cikin na'urar nukiliya. Ko tsohuwar kwamfutarka za ta iya, sai dai ta yi ta huci.

Bayan digiri, nemi shiga Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Can NIRR-1 take, ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike da aka kunna a 2004 da ƙarfin kilowat 30, aka sauya mata mai zuwa yuraniyom mai ƙarancin ƙarfi a 2018. Ba ta haska ko gida ɗaya. Aikinta gano sinadaran da ke cikin ƙasa, duwatsu da abinci. Ɗan bajon auna radiyeshon, wato hasken nukiliya mai cutarwa da ido ba ya gani, da za a maƙala maka a riga, kada ka bar shi a aljihun babur.

Tallafin horo na IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyena, kuwa ta hannun hukumar nukiliyar ƙasarka ake nemansa, sai ka fara tattara takardunka da wuri.