Matakan Adana Tukwanen Gas a Wurin Aiki

Da farko, a zaɓi wuri busasshe wanda iska ke ratsawa sosai, nesa da wuta, tartsatsin walda da zafin rana, kuma kada zafinsa ya wuce digiri 52 a ma'aunin Selshiyas. A guji ɗakin ƙarƙashin ƙasa, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yoyo sai ya kwanta a ƙasa ya taru.

Bayan haka, a tsayar da kowace tukunya a miƙe, a ɗaure ta da sarƙa a jikin bango, sannan a rufe bawul ɗinta, wato makunnin da ke buɗe gas da rufe shi, a ɗaura masa murfin kariya. Wannan mataki ne na fi damuwa da shi, saboda tukunyar da ta faɗi bawul ɗinta ya karye tana iya tashi da ƙarfin da zai huda bango.

A raba tukwanen oksijin da na gas mai kamawa da wuta da tazarar akalla mita 6, kuma kada mai ko giris ya taɓa bakin na oksijin. Cikakku a ware su daga waɗanda suka ƙare.

Idan ana zargin yoyo, a shafa ruwan sabulu a mahaɗa. Kumfa za ta nuna wurin.