Yadda Nake Fassara Sunan Shugaban Gwamnati ga Dattawan Nima

Kullum bayan sallar Isha'i nakan karanta wa Baba Alhaji labaran duniya a waya, gefen mai shayi a Nima, wata unguwa a Accra, babban birnin Ghana. Ranar nan na ce "Taoiseach", sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, wane ne kuma wannan?"

Ga dabarata. Kada ka tsaya kan sunan, tambayi wa ke riƙe da gwamnati. Taoiseach a harshen Ailan jagora yake nufi, to ka ce firaministan Ailan kawai. Na Jamus Kansila ne, shi ma haka. Sifaniya ce mai ruɗi: suna kiransa shugaban gwamnati, amma sarki na nan, don haka kada ka ce shugaban ƙasa.

Sannan ka kawo misali daga gida. Nkrumah firaminista ne a 1957, sai 1960 ya zama shugaban ƙasa, wanda maƙwabtanmu Asante ke kira Ɔmanpanin. Busia kuwa firaminista ne daga 1969 zuwa 1972. Da na ambaci Sardauna Firimiya, Baba ya gyara zama ya ce, "To, ai da ka faɗi haka tun farko!"