Darasi na Shida: Yadda Za Ka Yi Magana a Taro Jama'a Su Saurare Ka

Duk wanda ya taɓa zama a taro ya san alamar mai jawabin da jama'a suka bari a hanya. Wannan ya sunkuyar da kai yana latsa waya, wancan yana hamma, na baya sun fara hira ƙasa-ƙasa, shugaban taro kuma sai duba agogo yake yi. Sau da yawa mai maganar ya san abin da yake faɗa, kuma abin mai amfani ne. Abin da ya rasa shi ne dabarar riƙe kunnen mutane. Koyonta ake yi kamar ɗinki ko tuƙi, kuma mafi yawan aikin ana gama shi tun kafin a miƙe tsaye.

Fara da jimla guda

Kafin ka shirya komai, ka tambayi kanka: idan an tashi daga taron nan, me nake so mutanen nan su yi, ko su tuna? Amsar ta zama jimla guda wadda za ka iya faɗa da numfashi ɗaya. "Zan yi magana a kan makaranta" kan magana ne kawai, bai nuna inda ka dosa ba. "Ina so mu amince yau a gyara rufin aji biyu kafin ƙarshen watan nan", wannan ita ce jimlar da ake nema. Duk abin da bai taimaki jimlar nan ba ka ajiye shi, komai daɗinsa a bakinka.

Dalili shi ne kunne ba ya komawa baya. Mai karatu idan bai gane ba, sai ya koma layin sama ya sake dubawa. Mai sauraro ba shi da wannan dama. Abin da ya wuce shi ya wuce. Saboda haka kada hujjojinka su wuce uku, kuma ka faɗi jimlarka sau uku: a farko, a tsakiya, da lokacin da za ka zauna. A rubutu maimaici aibi ne, a baka kuwa shi ne igiyar da mai sauraro ke riƙewa.

Ka binciki abu huɗu tun da wuri: su wa za su zo, kusan su nawa ne, me suka riga suka sani game da maganar, da minti nawa aka ba ka.

Rabin minti na farko

A nan jama'a ke yanke hukunci ko za su ba ka kunne. Ka gaishe su yadda ya dace da girmansu, amma a taƙaice. Sannan ka guji abin da mutane da yawa ke ɗauka tawali'u ne: "Ni dai ban iya magana ba", "Ban shirya ba, yanzu aka ce in tashi", "Ba zan ɗauki lokacinku ba". Wanda ya ce bai iya ba, za a yarda da shi, a daina saurare.

Maimakon haka ka shiga maganar ta ɗaya daga ƙofofi biyu. Ko ka jefa tambayar da kowa zai iya amsawa a ransa: "Wa ke da yaro a aji uku a cikinmu?" Ko ka ajiye musu hoto: "Ranar Talata da aka yi ruwa, yara arba'in a tsaye suka yi darasi, don bencinansu sun jiƙe." Barkwanci ma ƙofa ce, sai dai mai santsi. Idan ba a yi dariya ba, kai ne za ka rikice. Sabon mai jawabi gara ya bar shi tukuna.

A nuna, kada a tsaya ga faɗa

"Makarantarmu tana fama da matsaloli da dama" magana ce da ba ta da fuska, kowa ya ji irinta sau ɗari. "Malami yana ɗaga littafin rajista sama don kada ruwa ya taɓa shi" kuwa, mai sauraro yana ganin malamin. Gani ya kori ji, kuma aikin mai jawabi shi ne ya mai da ji ya zama gani. Kowace hujja daga cikin ukun nan ka rataya mata misali guda mai mutum a ciki, da wuri, da abin da ya faru. Misalin ya zama na gaskiya. In an kama ka da ƙari sau ɗaya, sauran maganarka ta zube.

Lissafi ma haka. Kunne ba ya riƙe lamba mai tsawo. Kada ka ce "kashi 24.6 cikin 100", ka ce "kusan ɗaya cikin huɗu". In kana so ta zauna sosai, ka ce "a kowane benci mai yara huɗu, ɗaya". Lamba biyu ko uku sun isa jawabi guda.

Kati, ba takarda ba

Karanta jawabi daga takarda yana kashe shi ta hanya uku: kai ya sunkuya, murya ta tafi ƙasa maimakon wajen mutane, sauti kuma ya miƙe ba hawa ba sauka. Haddace shi duka ma yana da nasa haɗari, domin kalma ɗaya in ta ɓace, duk abin da ke bayanta ya bi ta.

Ga hanyar tsakiya. Ka samu kati mai kauri, girman tafin hannu. Ka rubuta kowace gaɓa da kalma biyu ko uku, da manyan baƙaƙe, layi biyar ko shida a katin gaba ɗaya. Wanda karatunsa bai yi sauri ba tukuna, ya zana alama: rufi, benci, agogo. Alamar ma ta fi saurin shiga ido. Jimla biyu kaɗai za ka haddace, ta farko da ta ƙarshe. Kati mai kauri yana da wani amfani kuma: idan hannu yana rawa, takarda mai laushi tana kaɗawa ta tona asiri, kati ba ya yi.

Sai gwaji. Ka tashi tsaye, ka faɗi jawabin da ƙarfi sau uku aƙalla, agogo na gabanka. Gwaji a zuci ba gwaji ba ne, don harshe bai taɓa kalmomin ba. Idan minti biyar aka ba ka, ka shirya na huɗu. A gaban jama'a magana takan ƙara tsawo. Kada ka ji tsoron gajarta. A ranar 19 ga Nuwamba 1863, a garin Getisbag na Amurka, an yi taron keɓe maƙabartar sojojin da suka mutu a yaƙin basasa. Babban mai jawabi na ranar ya yi kusan awa biyu yana magana. Shugaba Abraham Linkon ya tashi bayansa ya yi kamar minti biyu, kalmominsa ba su kai 300 ba. Na Linkon ne ake tunawa har yau.

Faɗuwar gaba

Zuciya ta buga, baki ya bushe, gwiwa ta yi sanyi. Wannan ba rashin lafiya ba ne, ba kuma alamar ba ka iya ba. Jiki ne ya ɗauka akwai haɗari, sai ya saki wani sinadari da ake kira adiranalin, wanda ke ƙara bugun zuciya, numfashi ya gajarce, yawu ya ragu. Ƙwararru ma suna jin sa. Yakan fi tsanani dab da tashi da kuma mintin farko, daga nan ya fara sauka.

Maganinsa na kusa shi ne numfashi. Tun kana zaune ka ɗora hannu a ciki. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka tabbata cikin ne ke tasowa, ba kafaɗu ba. Ka sake ta a hankali ta baki kana ƙirga shida. Ka yi haka sau biyar. Fitar da iska a hankali ita ke sassauta bugun zuciya, shi ya sa ƙirgenta ya fi tsawo. Ka kurɓi ruwa kaɗan. Da ka tashi, ka raba ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, nauyinka a kan duka biyun. Ka kuma sani cewa abin da jama'a ke gani bai kai abin da kake ji ba, don haka kada ka sanar da su.

Murya da shiru

Ka zaɓi mutumin da ya fi kowa nisa, ka yi magana kamar da shi kake. Ƙarfin murya daga iskar ciki yake fitowa. Wanda ya matse maƙogwaro yana ihu, kafin minti goma muryarsa ta dishe, jama'a kuma sun gaji da shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗiye ƙarshen jimla: a fara da ƙarfi, iska ta ƙare, kalmomin ƙarshe su faɗi ƙasa, alhali sau da yawa a can ma'anar take. Gyaransa gajerun jimloli ne, da jan numfashi a tsakaninsu.

Tsoro yana sa sauri, sauri kuma yana cinye kalmomi. Hausa kuwa harshe ne da jan wasali da hawa da saukar murya ke raba ma'ana: fari na launi daban, fari na rashin ruwa daban. Mai gaggawa yana dagula irin wannan, na baya su yi ta cewa "me ya ce?" Ka rage gudu har sai ka ji kamar ka yi nawa. A kunnen mai sauraro daidai ke nan.

Amma kada ka tsaya a gudu ɗaya. Labari yana son ɗan sauri. Lamba da muhimmiyar jimla suna son a ja su a hankali. Wani lokaci sassauta murya ya fi ɗaga ta tasiri, domin mutane sukan miƙo wuya su ji.

Shiru shi ne kayan aikin da sababbi suka fi tsoro, kuma a ganinmu babu wanda ya kai shi amfani. Wuri uku yake da su. Na farko, bayan ka tsaya, kafin ka ce uffan: ka ƙirga uku a zuci kana duban jama'a, surutu zai lafa da kansa. Na biyu, bayan ka faɗi jimlar da ka zo dominta: sakan biyu ko uku, ta samu wurin zama. Na uku, bayan tambaya: in ka tambaya ka amsa wa kanka nan take, ka hana su tunani. A wurinka sakan uku zai yi kamar shekara. A wurinsu hutu ne.

Tsoron shirun nan ne ke haifar da kalmomin cike gurbi: "wato", "ka gane", "a gaskiya", "e to", "shi ke nan". Ɗaya-ɗaya ba laifi. Amma in suka yi yawa, wasu a taron za su bar maganarka su koma ƙirga "wato" ɗinka. Ba a korar su da ƙarfin hali. Duk inda ka ji ɗaya na tasowa, ka rufe baki ka ja numfashi a gurbinta.

Ido, hannu da makirufo

Ka raba wurin uku a ranka: dama, tsakiya, hagu. Ka dubi mutum ɗaya a wani ɓangare, ka gaya masa jimla guda cikakkiya, kamar sakan uku zuwa biyar, sannan ka koma wani ɓangaren. Waɗanda ke kewaye da shi duk za su ji da su kake. Kada ka liƙe wa babban baƙo shi kaɗai, kada kuma ka yi ta share ɗakin da ido ba ka tsaya kan kowa ba. Hannu ya zauna tsakanin ƙugu da ƙirji, ya motsa in akwai abin nunawa. A fitar da shi daga aljihu, a ajiye makulli da biro, kuma kada a nuna mutum da yatsa. Buɗaɗɗen tafi ya isa.

Makirufo ya tsaya kamar faɗin yatsu huɗu daga baki, ɗan ƙasa kaɗan don kada iskar "b" da "f" ta riƙa bugunsa. In ka juya kai, ya bi bakinka. Kada ka hura shi ko ka buge shi don gwaji, ka yi magana kawai. Ƙarar nan mai huda kunne tana tashi ne idan makirufo ya fuskanci lasifika ko ya matso ta, sai sauti ya riƙa zagayawa tsakaninsu. Ka kau da kan makirufon daga lasifikar, ka ja nesa. Rufe kansa da tafin hannu ƙara ta yake yi.

In abu ya kwaɓe

Kai ya ɗauke, ka manta inda kake: ka yi shiru, ka dubi kati, ka maimaita jimlarka ta asali, ka ci gaba daga gaɓa ta gaba. Ba wanda ya san abin da ka tsallake sai kai. In ka ga hankula sun watse, ƙara ƙarfin murya ba zai dawo da su ba. Ka sauya wani abu: ka matsa taku biyu gaba, ko ka jefa tambaya a ɗaga hannu, ko ka tsallake zuwa misali. In an ce saura minti ɗaya, kada ka ƙara gudu don ka cusa sauran; ka tafi kai tsaye ga jimlar ƙarshe da ka haddace. Kuma in ka ce "a ƙarshe", to ya zama ƙarshen.

Wanda ya yi tambaya, ka bari ya gama, ka maimaita tambayar da ƙarfi don na baya su ji, kai ma ka samu sakan biyu na tunani. In ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi ranar da za ka kawo ta. In da zafi aka tambaya, ka amsa wa taron gaba ɗaya da murya a kwance.

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi ya zaɓi abu guda da yake so a gyara, ya faɗi jimlarsa ga na kusa da shi, ya shirya kati mai layi biyar. Ya tashi ya yi minti biyu, wani ya ɗauki muryarsa da waya. Mutum ɗaya ya ƙirga kalmomin cike gurbi, wani ya ƙirga sau nawa ya yi shiru da gangan, na uku ya zauna can baya ya ɗaga hannu duk lokacin da bai ji ba. Bayan ya zauna, malami ya tambayi mutum biyu abin da mai jawabin yake so a yi. In amsarsu ta saɓa da jimlar da ya shirya, ya gyara katin ya sake tashi a darasi na gaba.