Yadda ake toshe ɓarakar tsaro a sabar yanar gizo ta Apache ko Nginx

Yaran da ke zuwa koyon aiki wurina a Unguwar Rimi kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe, don haka nan zan fi tsayawa. Shiga saba daga nesa ta SSH kuwa ba zan koya maka ba. In ba ka iya ba, ba ka isa taɓa sabar mutane ba tukuna.

A sabar Ubuntu ko Debian, fara da kwafe saitinka, /etc/apache2 ko /etc/nginx, ka ajiye gefe. Sannan buɗe tmux. A Kaduna ana iya ɗauke wuta ko sabis ya gudu kana tsaka da aiki, tmux ne zai sa aikin ya ci gaba ko ka yanke. Ni duk wanda ba ya amfani da shi ba na ba shi saba. Daga nan sai sudo apt update, sai sudo apt upgrade. Kada ka ji tsoron datarka, da layinta sabar ke saukewa.

To, ga inda gizo ke saƙar. An gama saukewa ba shi ne an toshe ba. In gyaran na OpenSSL ne, wato manhajar da ke ɓoye bayanai tsakanin saba da masu shiga shafi, sabar da ke kunne tana nan riƙe da tsohon a ƙwaƙwalwarta har sai ka kashe ta ka kunna. Lokacin Heartbleed, wata babbar ɓaraka a OpenSSL, Afrilun 2014, na sabunta na je na yi barcina, ashe ƙofa a buɗe take, sai bayan kwana biyu na farga. Saboda haka buga apachectl configtest ko nginx -t, in saitin lafiya lau, sai systemctl restart apache2 ko nginx. Ka sa needrestart, shi zai riƙa tona maka wanda ke riƙe da tsohon kaya.

Lambar siga ma tana ruɗa yara. Ubuntu da Debian sukan ɗinka gyara a kan tsohuwar siga ba tare da babbar lambar ta canza ba. Buga apt changelog apache2 ka nemi lambar CVE ɗin, wato lambar da aka ba ɓarakar, da idonka. Kuma ka sake leƙawa bayan kwana biyu: a Oktoban 2021 Apache ta fitar da 2.4.50 don toshe CVE-2021-41773, gyaran bai cika ba, sai da 2.4.51 ta biyo baya cikin 'yan kwanaki.

Saura kaɗan. Duba error.log, inda saba ke rubuta kurakuranta, buɗe shafin a wayarka, in ɓarakar irin mai fallasa makulli ce ka canza satifiket da kalmomin sirri.