Yadda ake tantance tsofaffin sulallan rabin dala na azurfa

Kafin ka duba kyan sule, duba shekararsa. Rabin dalar Amurka da aka buga daga 1892 zuwa 1964 kashi 90 cikin ɗari azurfa ne, sauran jan ƙarfe. Nauyinsa giram 12.5, faɗinsa milimita 30.6. Iri huɗu ne a wannan zango: Barber daga 1892 zuwa 1915, Walking Liberty daga 1916 zuwa 1947, Franklin daga 1948 zuwa 1963, sai Kennedy na 1964. Kennedy na 1965 zuwa 1970 azurfarsa kashi 40 ce kawai, nauyinsa giram 11.5. Wanda aka buga don cefane daga 1971 babu azurfa a cikinsa, jan layin da ke gefensa ma zai nuna maka.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin sikeli mai nuna ɗigon giram, maganaɗisu, gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10, da fitila guda ɗaya. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, amma jabun tagulla ma ba ya bi, don haka sikeli ne alƙali. Sulen da ya sha hannu kan ɗan rage nauyi. Wanda kuwa yake ƙyalli kamar sabo amma bai kai giram 12 ba, ajiye shi gefe.

Sai harafin gidan bugu. D na Denver ne, S na San Francisco, O na New Orleans, wanda babu harafi kuma, in na kafin 1965 ne, na Philadelphia. Nan kuɗin yake. Walking Liberty na 1921 mai D guda 208,000 kacal aka buga, na 1938 mai D kuma 491,600, shi ya sa 'yan damfara ke liƙa D a jikin sulen Philadelphia. Duba gindin harafin da gilashi: in ka ga tabo ko launi ya bambanta a kewayensa, liƙi ne.

Ma'aunin daraja daga 1 zuwa 70 yake, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama na sulen da bai taɓa shiga kasuwa ba ne. Riƙe sule ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa, ka karkata shi a hankali ƙarƙashin fitila. Sulen da bai goge ba, haske yakan zagaya shi ba yankewa. Inda hasken ya mutu ya koma toka-toka, nan hannu ya ci.

Kowane iri da inda yake fara gogewa. A Barber, kalmar LIBERTY ce da ke kan ɗaurin kai: in haruffa uku na karantuwa ya kai wajen lamba 8 a ma'aunin, bakwai ɗin duka kuma wajen 12. A Walking Liberty, duba kan matar da ke jikin sulen, ƙirjinta da layukan zane a kan ƙafarta ta hagu, a baya kuma ƙirjin gaggafa. Amma a yi hattara, sulallan San Francisco na shekarun 1940 da yawa sun fito da hannun hagu a shafe saboda bugu mai rauni. Sabon shiga sai ya ɗauka gogewa ce ya karya farashi, alhali in ƙyallin na nan a wurin, sulen lafiyarsa ƙalau. A Franklin, layukan ƙasan ƙararrawar da ke bayan sulen ake nema. In sun fito cikakku ba yankewa, ana ƙara masa alamar FBL, wato cikakkun layukan ƙararrawa, kuma farashi yakan tashi.

Kada a wanke sule. Toka, man goge baki, ko tsumma mai laushi ma, duk suna barin siraran ƙarce da fitila ke tonawa, kuma kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC ba sa ba wankakken sule lamba, sai dai su rubuta cewa an wanke shi. Baƙin da shekaru suka sa masa ba aibu ba ne, wasu masu saye ma shi suke so.

Wajen ajiya, guji leda mai laushi ta PVC, domin tana barin koren danƙo da ke cin ƙarfe. Kowane sule da gidansa na roba mai tauri, a wuri marar laima. Aikawa kamfani kuma sai sulen da darajarsa ta zarce kuɗin tantancewa da na aike nesa ba kusa ba. Kennedy na 1964 da ya sha yawo, farashin azurfarsa kawai za a ba ka, wato giram 11.25.